Wandon Kofur a Igiyar Sista

Sitati ba ya jiƙa rigar mutum sai ya zazzage aljihunta. Kowace safiya haka za ka same shi a bakin shagonsa, ƙullin kaya a gabansa, yana zura yatsu biyu cikin aljihu yana fito da abin da mai rigar ya manta: tsinken sakace, ledar alawa, rabin ƙwayar maganin ciwon kai, 'yar takarda mai lambar waya babu suna. Sai ya jera su a kan benci, ya dube su kamar likita yana duban hoton ƙirji, ya gyaɗa kai, ya share su cikin wani tsohon gwangwani. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Matarsa ta yi shekara talatin tana bugun cikinsa, ba ta samu ko sunan mutum ɗaya ba.

Gajere ne, siriri, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda nauyin dutsen guga. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin wankin wani otal, har ranar da otal ɗin ya rufe aka sallame shi da zanin gado biyu da godiya. Daga nan ya kama ɗan shagon da ke ƙarƙashin matakalar bene a farkon layinmu. Sunan Sitati kuwa hannunsa ne ya jawo masa, saboda irin sitacin da yake ba kaya. Idan ya yi maka guga, rigarka za ta iya tsayawa da kanta a bakin ƙofa ta jira ka.

Shekarar da sata ta addabi layin, maza suka taru suka kafa ƙungiyar sintiri. Aka naɗa wani tsohon ma'aikacin gidan waya ciyaman, saboda shi ne mai littafi da biro. Aka naɗa Mai Walda shugaban 'yan sintiri, saboda shi ne mai murya. Aka raba usur da tocila da gora. Sitati ma an ba shi, kuma sai da ya goge igiyar usur ɗinsa kafin ya rataya ta a wuya.

Kwana uku ya yi yana fita aka tsayar da shi. Hayaƙin gawayi ya bar masa wani tari mai zurfi, irin wanda ake ji daga layi uku, kuma ba ya tashi sai an ce kowa ya yi shiru. Mai Walda ya ce fita da Sitati daidai yake da fita da mai shela. Aka karɓe gorar, aka bar masa usur ɗin don kada ya ji haushi. Ya ji. Wata guda ya yi yana mayar wa Mai Walda wandunansa da kari biyu a ƙafa ɗaya.

Abin da kwamiti bai lura da shi ba shi ne, ɓarayinmu ba su fita da dare. Mutane ne masu son barcinsu. Da hantsi suke zuwa, lokacin da manya suka tafi aiki, yara suka tafi makaranta, 'yan sintiri kuma suna ramuwar barci. Su zaga layin kamar masu neman gidan haya, su ga ƙofar da ƙura ta kwanta mata, su dawo gobe su ɗauke tukunyar gas da fanka da injin jan ruwa. Da kwamiti ya gane, sai Ciyaman ya kawo dabara: duk wanda zai yi tafiya ya faɗa a taron Asabar, a karanta sunansa, domin kowa ya sa ido a gidansa. Kowa kuwa ya sa ido. Gidaje uku aka karanta a taron farko, ukun aka fasa kafin Laraba.

A nan ne aka tuna akwai mutum ɗaya a layin da yake wuni ido biyu, kuma bakinsa ba ya yoyo. Aka yi doka: mai tafiya ya kai makullinsa wurin Sitati shi kaɗai, Sitati kuma kada ya faɗa wa kowa, ko da Ciyaman ne. Aikinsa ya share ƙofar gidan, ya buɗe taga da safe, ya rufe da yamma. Da an gan shi yana shiga gida da ƙullin kaya, babu mai tambaya, ai mai wanki ne.

Ranar da aka damƙa masa aikin ya sayi zare mai kauri ya kitsa wa makullan gida a ƙugunsa, ƙarƙashin riga. Tafiyarsa ta sauya. Matarsa ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganin ya miƙe haka ba. Idan ta taɓa zaren da wasa sai ya ture hannunta, ya ce, “Uwar yara, wannan ba namu ba ne.” Ita kuwa ta ce ai ta ga alama, tunda ko makullin ɗakinsu bai taɓa sanin inda yake ba.

Shara da buɗe taga ba su ishe shi ba. Ya ce gidan da babu kowa yana da irin nasa shirun, kuma ɓarawo yana jin sa kamar yadda uwa take jin zazzaɓi a goshin ɗanta kafin ya yi kuka. Ƙofa a share amma igiyar shanya fayau, wannan gida ne da aka yi wa wanka aka ajiye. Sai ya fara shanya. Ya ɗauko rigar maigidan daga ɗaki, ya jiƙa ta, ya rataya. Ya ajiye takalman yara a bakin ƙofa, ɗaya a kife, ɗaya can gefe, don yaro ba ya cire takalmi a jere. Ya zubar da ruwan kumfa a magudana. Gobe ya sauya komai. Shekara biyu ba a fasa gida ko ɗaya da makullinsa ke ƙugun Sitati ba. A taro kuwa 'yan sintiri ake tafa wa.

Sai Sista ta kawo nata makullin.

Nas ce a babban asibiti, mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarta ɗaya tana makarantar kwana. Gidanta ne na ƙarshen layi, barandarsa na kallon titi, sau biyu an taɓa fasa shi. Mace ce mai tafiya da sauri, mai gaisuwa a taƙaice, kuma saboda aikinta na juyi ne sai a yi mako ba a gan ta ba babu wanda ya damu. Ta ce an tura ta kwas na wata biyu a wani gari. Ta miƙa makullin ta ce, “Baba Sitati, ko fanka ɗaya ce ka tsirar min da ita.”

Washegari ya tsaya a tsakar gidanta yana tunani. Idan ya shanya farar rigar asibiti da zani, me ya faɗa wa ɓarawo? Ya faɗa masa nan gidan mace ce ita kaɗai, kuma ba ta wuni. Ai gara ma ya bar igiyar haka.

A ƙarƙashin teburin gugarsa akwai buhun kayan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. A cikin buhun akwai jakar wani soja da aka yi wa canjin wurin aiki shekara bakwai baya, ya tafi bai waiwayo ba: wando biyu na kaki, riga mai igiya biyu a hannu, safa mai kauri, da takalman da jariri zai iya kwana a cikin ɗaya. Sitati ya wanke su, ya ba su sitacin da bai taɓa ba ɗan adam ba, ya kai barandar Sista ya rataya wandon daidai inda mai wucewa a titi zai gani. Iska ta shiga ƙafafun, suka cika, suka fara lilo a hankali kamar mai su yana ciki yana jiran a yi masa magana.

Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma mutumin da ya shekara arba'in yana karanta mutane daga tufafinsu, yau ya samu damar rubuta ɗaya. Ya ajiye reza da guntun madubi a bakin taga. Ya bar kofin shayi da ɗan saura a kan dakali. Ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa a tashar labarai, don ya yanke cewa mutumin ba mai son kiɗa ba ne. Ranar da aka yi ruwa kuwa, ya cusa tsumma a cikin takalman, ya saka su, ya taka laka daga ƙofar gidan zuwa titi ya dawo, yana buɗa ƙafa iyakar ƙarfinsa, sai da ƙugunsa ya yi kwana biyu yana ciwo.

Mai Walda ne ya fara tambaya. Ya tsaya a bakin shago yana sosa ƙeya, ya ce wai kayan wa ya gani a gidan Sista. Sitati ba shi da ikon cewa gidan babu kowa, kuma bai iya ƙarya mai tsawo ba. Ya ci gaba da hura gawayi, ya ce, “Kofur ne.” Mai Walda ya ce wane Kofur. Sitati ya ce, “Mai igiya biyu.”

Kalma biyar ya faɗa. Sauran duk layin ne ya gina.

Kafin mako ya zagayo, Kofur ya samu tsawo, ya samu tabo a kunci, ya samu yaƙi biyu da ya je ya dawo. Mai kanti ya ce Kofur yana sayen reza uku-uku a wurinsa, ta hannun Sitati. Matan layin suka rage murya idan sun zo daidai gidan. Masu neman gidan haya da hantsi suka ɗauke ƙafa ɗif, ba daga gidan Sista kaɗai ba, daga layin baki ɗaya. Mai Walda kuwa, wanda ba ya yarda a riga shi sanin kowa, ya fara cewa sun gaisa. Bayan kwana biyu suka sha shayi tare. A mako na uku Kofur ya dafa kafaɗarsa ya ce masa a bariki ma ba kowa ke da tsarin sintiri irin nasa ba. Yana ba da wannan labarin ne a bakin shagon Sitati, Sitati yana guga yana cewa, “Ikon Allah.”

'Yan sintiri suka duba suka ga babu dalilin da zai sa mutum ya yi ta yawo da gora alhali ga soja da bindiga a ƙarshen layi. Babu wanda ya ga bindigar, amma an san irin ta. Aka fara fita mutum uku maimakon takwas, sannan biyu, sannan aka koma kowa ya busa usur ta tagar ɗakinsa ya kwanta. Ciyaman ya rubuta sunan Kofur a littafi a matsayin mai ba da shawara, ya ba Sitati takardar gayyata ya kai masa. Sitati ya dawo ya ce ya ajiye ta a kan tebur. Gaskiya ya faɗa.

Matarsa ce kaɗai ta gane, domin ita ta taya shi matse wandon. Ta ce masa ya saurari abin da ake faɗa a bakin famfo. Maza suna maganar Kofur, mata kuwa maganar Sista suke yi: yaushe aka ɗaura, wa ya halarta, in kuma ba a ɗaura ba, to me ake ciki. “Ka ajiye wa baiwar Allah ƙato a ɗaki, Malam,” in ji ta. “Ka tsirar da fanka, ka bar sunanta a titi.” Sitati ya ce saura mako uku kacal, in ta kusa dawowa zai yi wa Kofur canjin wurin aiki. Har ya tsara yadda zai yi: ya ɗauke takalman ranar Litinin, wando ranar Talata.

Maganar ta riga shi. Wata ta faɗa wa wata, ita kuma ta faɗa wa matar yayan Sista, yayan ya ɗaga waya ya tambayi ƙanwarsa ko ya mutu ne da za ta yi aure bai sani ba. Sista ta baro kwas ranar Asabar da safe. Ta sauka a bakin layi da jakarta, kafin ta kai gida mutum shida sun yi mata barka, biyu sun kau da kai. Ta tsaya a ƙofarta ta ga wando yana lilo, ta ji rediyo yana karanta labarai. Ba ta shiga ba. Ta ciro wandon daga igiya, ta ɗauki takalmi ɗaya, ta nufi makarantar firamare inda ake taron ƙungiya.

A aji ɗaya ake taron, manyan maza a kan kujerun yara, gwiwoyinsu a ƙirji. Sitati yana layin baya kusa da taga saboda tarinsa. Sista ta shigo ta ɗora takalmin a kan teburin malami, kusa da littafin Ciyaman, ta shimfiɗa wandon a gefe. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ta saba yi ba, sannan ta ce tana so wanda ya san mijinta ya tashi ya gabatar mata da shi, don ita ba su haɗu ba tukuna.

Duk suka juya suka dubi Mai Walda. Mai Walda ya dubi allo, inda aka rubuta ɗaya da ɗaya biyu.

Sitati ya san abin da ke gabansa. In ya yi shiru, ƙila maganar ta watse a cikin hayaniya, makullai huɗun da ke ƙugunsa su kwana a inda suke. In ya buɗe baki, duk layin zai san yadda yake yi, abin da layi ya sani kuwa masu zuwa da hantsi sun sani. Ya yi tari sau biyu, ya tashi, kujerar ta biyo shi kaɗan kafin ta sake shi.

“Ranka ya daɗe Ciyaman, babu Kofur,” ya ce. “Wandon daga buhuna ya fito. Sista ba ta nan tun farkon wancan watan. Ni ne nake shan rabin shayin.”

Mai kanti ya ce to rezar fa. Sitati ya ce suna nan a gwangwani, ko ɗaya ba a buɗe ba. Wani ya ce sawun takalmin fa, shi da kansa ya auna da tafin hannu. Sitati ya tako gaba, ya zura ƙafarsa da silifas ɗinta duka cikin takalmin, ya ɗaga su gani. Wani daga baya ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari.

“Yaya Mai Walda,” in ji Sista, “an ce kun sha shayi tare. Sukari nawa yake sa wa?”

Mai Walda ya ce shi dai ya ga mutum, in ba Kofur ba ne to wani ne, kuma wannan ma abin bincike ne. Da ya samu bakin zaren sai muryarsa ta dawo. Ya ce a bar maganar shayi, a dubi babban laifi: an yaudari jami'an tsaro, an sa sun sassauta aiki wata guda, da wani abu ya faru wa za a kama. Maza takwas da suka yi wata guda suna barci mai daɗi suka gyaɗa kai da ƙarfi. Ciyaman ya ce gaskiya an wuce gona da iri, doka ta ce shara da taga, ba ta ce a ƙirƙiri soja ba. Aka ɗaga hannu. Aka yanke cewa Sitati ya mayar da makullan, kwamiti zai nemi wani tsarin. Aka kuma umarci sakatare ya goge sunan Kofur daga littafi, amma a rubuta cewa ya ajiye aiki ne don kansa.

Sitati bai yi musu ba. Ya ɗaga riga ya warware ƙullin zaren da ya shekara biyu bai kwance ba. Ya ce makullan ba zai ba kowa ba sai masu su in sun dawo, don in ya ajiye su a teburin nan an san gidajen. Ciyaman ya buɗe baki, ya tuna taron farko, ya rufe. Guda ɗaya Sitati ya zare, ya miƙa wa Sista da hannu biyu.

“Ki yafe min, 'yata. Fankarki tana nan. Komai yana nan.”

“Na gani,” ta ce. “Har da ƙari.”

Ta juya makullin a hannunta. Ta ce gobe matarsa za ta raka ta bakin famfo su yi wa mata bayani, shi kuma zai kira yayanta da bakinsa, kuma ta faɗa masa tun yanzu yayan nata ba ya sauraro sai ya gama nasa. Sitati ya ce ya yarda. Ta ce jibi za ta koma ta ƙarasa kwas ɗinta, saura mako uku, kuma a iya saninta babu dokar da ta hana mace ba mai wankinta makulli. Ta dubi Ciyaman. Ciyaman ya duba littafi ya ce babu.

Ta mayar masa da makullin.

“Amma ba namiji. Ka sa min tsohuwa. Gwaggona.”

“Sista, ɓarawo ba ya tsoron tsohuwa.”

“Ba ka san gwaggona ba.”

Ya tsaya yana kallon ƙasa, leɓunansa suna motsi. Ya tambaye ta ko gwaggon tana tafiya da sanda, ta ce da sanda, kuma ba don tafiya take riƙe ta ba. Ya tambaya tana wuni a baranda ko a ɗaki. Mai Walda ya ce ai yanzu kowa ya ji, dabarar ta mutu. Sitati ya ce haka ne, kowa ya ji, sai dai a cikin su duka babu wanda zai iya rantsewa cewa gwaggon ba za ta zo da gaske ba. Sista ta ce ita ma ba za ta rantse ba, tsohuwar ba ta sanarwa.

Ya naɗe wandon a kan karinsa, ya saƙale takalmin a hammata. Ciyaman ya ce taro bai tashi ba, akwai batun sabon jadawalin sintiri. Sitati ya ce ai shi ba ɗan kwamiti ba ne yanzu, kuma ya bar gawayi a wuta. Ya ratsa tsakanin gwiwoyin mutane ya fita.